Kujerar Gefen Direba

Talata, 2 ga Afrilu, ƙarfe shida na yamma

Tuovi, likitar gashin ƙashi ta asibitinmu, ita ta ce in sayi littafi in riƙa rubuta ciwon ƙugun nan kullum: yaushe ya tashi, me nake yi, sannan in ba shi maki daga ɗaya zuwa goma. Ni Sirkka, da shekara sittin da biyu a duniya, an mai da ni 'yar makaranta. To ga shi. Yau bakwai.

Har wajen mota ta biyo ni don ta ga yadda nake zama, sai ta riƙe baki. "Haba Sirkka! Wannan ai kwanciya kike yi, ba tuƙi ba. Zaman wa ye wannan?" Na ce na Veikko ne, mijina. Shekara talatin da huɗu yana jan tasin ƙauyen nan, sai bara da ciwon mantuwa ya kama shi likita ya karɓe lasinsa, sitiyari ya dawo hannuna. Kujerar na ɗan jawo gaba don ƙafata ta kai birki, sauran ban taɓa ba.

Ta ɗaga kujerar har gwiwata ta ɗan yi ƙasa da ƙuguna, ta miƙar da majinginar, ta naɗe ƙaramin tawul ta cusa min a ramin baya. Ta sa na miƙa hannu, wuyan hannuna ya hau saman sitiyari ba tare da kafaɗata ta bar kujera ba. Daga nan ta zaro jan farce a jakarta ta ɗiga a kan ƙarfen da kujerar ke gudu a kai. Ta ce kada ta wuce nan, ko wa ya zo.

Wa zai zo? Ni kaɗai ke tuƙa ta.

Laraba, 3 ga Afrilu, ƙarfe bakwai na yamma

Huɗu. Yarinyar nan ta san aikinta.

Alhamis, 4 ga Afrilu, ƙarfe biyar da rabi na yamma

Uku da safe. Bayan Outi ta bugo waya ya koma shida, ban san ko wannan ma ana rubutawa ba.

'Yar tamu tana can Helsinki, amma daga can take son juya gidan nan. Ta samo wa babanta ɗaki a gidan kula da tsofaffi na cikin gari, kilomita arba'in da biyar daga nan, wai za su riƙe shi har ƙarshen wata. Na ce su ba wani.

"Mama, ke ma fa ba lafiya gare ki ba."

"Baya ne ke min ciwo, ba kai ba."

"To ki ji. Ranar da Baba ya fita shi kaɗai, ko ya taɓa motar nan, magana ta ƙare. Ba ni kaɗai na faɗa ba, likitansa ma haka ya ce."

Na ce mata ba ya zuwa ko'ina. Yana bakin taga da kofinsa, yana kallon dusar ƙanƙara tana narkewa daga kan rufin gareji. Na yi masa alkawari tun yana gane me ake nufi da alkawari, cewa a gidan nan zai ƙarasa kwanakinsa, kuma ni ba na cin alkawari.

Ƙwayar da aka ba ni ta ciwon bayan tana sa ni barci daga sha biyu zuwa biyu na rana. Daidai ne, lokacin ba fasinja.

Asabar, 6 ga Afrilu, ƙarfe uku na rana

Shida. Ina zama a mota na ji kamar an soka min allura a tsatso. Na leƙa ƙasa, kujera ta wuce jan farcen, ta koma baya da kamar faɗin hannu. Wataƙila ni na buge ta da na ɗauko kayan cefane.

Litinin, 8 ga Afrilu, ƙarfe huɗu na yamma

Bakwai. Ta sake komawa baya, majinginar ma ta kwanta. Na kai wa Reijo bakanike, na ce ƙarfen yana zamewa. Ya shiga ya jijjiga ta da duk ƙibarsa, ko motsi ba ta yi ba.

"Kujera ba ta tafiya da kanta, Sirkka. Ko kin yi sabon saurayi mai dogayen ƙafafu ne ba mu sani ba?"

"Eh, ya ma fi ka gashi a ka."

Ya yi dariya, ya ce in gaida Veikko. Ina fitowa daga garejinsa na duba madubin tsakiya, ban ga hanya ba, rufin mota na gani. Na gyara shi na kama hanya.

Talata, 9 ga Afrilu, ƙarfe sha ɗaya da rabi na safe

Na sa makullin mota a cikin gwangwanin fulawa. Ba don komai ba. Na gaji da rataye shi a ƙusa ne.

Alhamis, 11 ga Afrilu, ƙarfe shida na yamma

Takwas.

Na ɗauki Aune zuwa asibiti. Shekararta tamanin da shida, gidanta na bakin tafki, bakinta kuwa ko reza albarka. Tana shiga gaba gwiwarta ta bugi akwatin gaban mota.

"Wash! Ke yarinya, kashe ni za ki yi? Wa ya matse kujerar nan haka?" Ta shafa majinginar, ta ji ta a tsaye ƙyam, sai ta daina faɗa. "Wannan ai zaman Hilkka ne."

Ina so in rubuta wannan sosai, don kaina. Duk Finland ban jin akwai direban da ya san bayan mutane kamar Veikko. Ba ya taɓa zuwa ɗaukar kowa sai ya fara gyara kujerar gefensa daidai da jikin mutumin, tun a tsakar gida, kafin ya tada mota. Ya san wanda ke son ta kwanta, ya san wadda ƙugunta ya goce, ya san mai sabon aiki a gwiwa. Mutum ya shigo ya tarar da wurinsa na jiransa. In fasinja ya ce bayansa ba ya son gargada, Veikko zai zagaya kilomita goma bai ce uffan ba. Ni da nake matarsa ina gane wa zai ɗauko in na leƙa ta gilashi.

Hilkka guntuwa ce mai ƙusumbi, ita ake matso wa kujera gaba har ƙarshe a miƙar da ita. Shekara tara ke nan da muka binne ta.

Na ce wa Aune kwali na ɗora a baya shi ya sa na matsa. Ta dube ni ta saman tabarau, ta ce, "Kwali. To."

Makulli yana cikin fulawa yadda na bar shi. Na duba sau biyu.

Juma'a, 12 ga Afrilu, ƙarfe biyu da kwata na rana

Na farka gidan tsit. Na tura ƙofar waje, wani abu ya faɗi a kan matakala. Tsintsiya ce, an jingina ta a ƙofa daga waje, yadda kowa a nan ke yi in zai fita, don mai zuwa ya san ba kowa a gida.

Ina ciki aka jingina ta. Ina kwance a kan doguwar kujera, wajen da duk mai fita sai ya wuce ta gabana.

Veikko kuwa yana bakin itacen hura wuta a bayan gida, hannunsa a aljihu. Mota na gareji. Na ɗora tafin hannuna a kan murfin injin, na janye. Ba zan rubuta abin da na ji ba.

Asabar, 13 ga Afrilu, ƙarfe bakwai na yamma

Ban sha ƙwayar ba. Na zauna na tsare shi da ido tun safe. Bai motsa ba, ya ci miyar kifinsa, ya ce min "na gode, tsohuwa" kamar da. Kin gani, Sirkka? Ba komai. Tara.

Litinin, 15 ga Afrilu, ƙarfe biyar na yamma

Kwana uku ba ƙwaya. Yau garken barewa ya tsallako hanya a kwanar gada, na ɗaga ƙafa zan taka birki, ciwon ya harbo daga ƙugu har ɗan yatsa, ƙafar ta ƙi zuwa. Allah ne ya kiyaye, da fasinja biyu a baya.

In na sha, in yi barci. In ban sha ba, in kashe mutane. Na zazzage aljihunansa kaf, na ɗaga katifa, na lalube ƙarƙashin mota da ƙugun nan nawa. Babu wani makulli. In na kai motar gidan maƙwabta kuma sai na faɗi dalili, kafin yamma labari ya kai Helsinki.

Gobe zan sha.

Laraba, 17 ga Afrilu, ƙarfe uku na rana

Bakwai. Kujerar direba ta koma baya, na mai da ita kan jan farce. Ta gefe kuwa an tura ta har ƙarshe, an sauke ta ƙasa, an zare matashin kai zuwa sama. Mutum ɗaya aka taɓa yi wa haka a ƙauyen nan, marigayi tsohon fastonmu mai tsawon nan, wanda ya ɗaura mana aure. Na taɓa wurin zaman, da ɗumi. Maɓallin ɗumama kujera a kashe yake.

Na shiga na zuba masa kofi, na tambaye shi kamar ba komai. "Yau an yi aiki?"

"An taɓa," in ji shi, yana hura kofin. "Fasto ya ce a gaishe ki. Ya rame."

"Ina ka kai shi?"

"Inda na kai sauran mana. Tsallake."

Ya faɗe shi ne yadda mutum zai ce ya je shago. Na juya na hau wanke tukunyar da na riga na wanke.

Alhamis, 18 ga Afrilu, ƙarfe shida na yamma

Aune ba ta yi min tsiya ba yau, wannan ma ya fi tsorata ni. Sai da muka kusa gidanta ta ce in tsaya a gefe.

"Sirkka, idona ya mutu, kowa ya sani, don haka abin da na gani ba shaida ba ne. Amma sau biyar ke nan motarku na gangarowa bakin tafki da rana tsaka. Direban ya fito, ya ɗauke shingen, ya shiga kan ƙanƙara, ya juyo, ya mai da shingen daidai yadda yake."

Hanyar kan ƙanƙara an rufe ta tun ƙarshen Maris. A watan sanyi, in tafkin ya daskare, tana rage wa mai zuwa gari rabin tafiya, Veikko ya bi ta sau dubu. Yanzu kuwa ruwa ya fara kwanciya a kai.

Na ce, "Motoci irin tamu suna da yawa."

"Suna da yawa," ta ce. "Kuma kawuna biyu nake gani in za a shiga. In an dawo ɗaya." Ta dafa min gwiwa. "Ban faɗa wa kowa ba, yarinya. Amma ƙanƙarar nan ba za ta kai Lahadin sama ba."

Juma'a, 19 ga Afrilu, ƙarfe tara na safe

Ba zan je in duba ba. Me zan gani?

Juma'a, ƙarfe huɗu na yamma

Na je. Sawun taya biyar ne a jere a kan ƙanƙarar, kowanne ya fi na gabansa nisa. Inda na ƙarshe ya juyo, wurin ya yi baƙi, ruwa ya cika sawun. Na san zanen tayar, ni na biya Reijo ya sa ta.

Ina jin tsoro. Na rubuta, ga shi nan, ina jin tsoro.

Asabar, 20 ga Afrilu, ƙarfe biyar na yamma

Outi ta kira. Lafiya lau, na ce. Yana cin abinci, yana barci, ba ya zuwa ko'ina. Ta ce muryata wata iri. Na ce baya ne.

Takwas. Tuovi za ta ga makin nan ta ce tawul ɗinta bai yi aiki ba.

Lahadi, 21 ga Afrilu, ƙarfe biyu da rabi na rana

Na cire wayar batir kafin in kwanta. Na farka na tarar an mai da ita, an ɗaure tam, har an goge kan batirin. Ya manta sunan 'yarsa, jiya ya sa takalminsa a firji, amma hannunsa bai manta komai ba.

Litinin, 22 ga Afrilu, ƙarfe uku na rana

Yau motar ba ta fita ba, injin sanyi ƙalau. Har na yi ajiyar zuciya, sai na leƙa kujerar gefe.

Ba ta Hilkka ba ce, ba ta fasto ba. An ɗaga ta sama kaɗan, majinginar a tsaye amma ba ƙyam ba. An ɗauke tawul ɗina daga kujerar direba, an warware shi an sake naɗewa, an ɗaure da zare, an ajiye shi a can.

Na daɗe a tsaye a garejin. Daga baya na buɗe ƙofa na zauna, ban san me ya sa ba. Ciwon ya ɗauke ɗif. Wata shida rabon da in ji bayana ya yi shiru haka. Tuovi da duk karatunta ba ta kai nan ba. Na fashe da kuka kamar wata sakarya.

Da na shiga gida yana goge hular aikinsa da hannun riga. Bai ce min tsohuwa ba, yadda yake kiran fasinja ya kira ni.

"Gobe ke ce, uwargida," ya ce. "Sha biyu da rabi. Za mu yanke ta tafki, kafin ki ankara mun isa."

Litinin, ƙarfe shida na yamma

Na yi waya biyu. Ba zan rubuta wa na kira ba. A ta farkon an yi kuka, a ta biyun an ce in zo da magungunansa da takardar likita.

Talata, 23 ga Afrilu, ƙarfe goma na safe

Riguna biyar, wando uku, safar ulu, abin aski, hoton aurenmu. Jakar ba ta ma cika ba. Shekara talatin da takwas da aure, jaka ɗaya ba ta cika ba.

Zan iya kiran Reijo ya zo da wani ƙato su riƙe shi su sa a mota, yana ihu, ƙauye na kallo. Ba za a yi wa Veikko haka ba ina raye. Zan bar shi ya tuƙa mu da kansa, ya saɓa doka, na sani, kuma in ya ƙi jin maganata a mararraba to shi ke nan mu biyun. Hannuna zai kasance kusa da birkin hannu. Ban sha ƙwaya ba.

Talata, ƙarfe huɗu na yamma, a cikin mota

Sha biyu da rabi daidai ya fito da motar bakin ƙofa, da wani makulli mai jan zare da ban taɓa gani ba. Hula a kai, an taje gashi. Ya karɓi jakar daga hannuna ya sa a but, ya buɗe min ƙofa, ya jira na zauna.

"Bayan ya zauna daidai, uwargida?"

"Daidai, direba."

Kai, mutumin nan ya iya tuƙi. Na manta. Ba ka jin canjin giya, ba ka jin birki, yana kauce wa kowane rami kamar da hannunsa ya haƙa shi. Yana ta ba ni labarin farashin taya da wani kifi da ya kama tun Outi na goye.

Da muka doshi mararraba ya kunna sigina ta hagu, wajen tafki. Ina jin ƙarar nan, ƙyas, ƙyas, ƙyas. Ta tsakanin itatuwa ina hango ƙanƙarar, ta yi toka-toka, tana walƙiyar ruwa.

Na ce, "Direba, don Allah mu bi kwalta. Ƙanƙara tana da gargada, bayana ba zai ɗauka ba."

Motar na tafiya, siginar na bugawa. Ya juyo ya dube ni, kallon da ya daɗe har na zaci ya gane ni, har na so ya gane ni ko da tafkin za mu. Sai ya kashe siginar, ya kunna ta dama.

"Ai sai ki faɗa tun farko. Baya ba abin wasa ba ne. Ina muka nufa a garin?"

Na faɗa masa sunan titin da lambar gidan. Ya ce ya san wurin, ya kai mutane da yawa.

Ya tsaya daidai bakin ƙofarsu, ya zagayo ya buɗe min, ya ba ni hannu na dafa. Shi ya ɗauki jakar. Bai taɓa barin fasinja a bakin titi ba, sai ya raka shi har ciki, da wannan na dogara. Wata ma'aikaciya ta buɗe mana, ta gaishe shi da sunansa, ƙofar ta rufe a bayanmu da kanta. Ya ajiye jakar a hankali, ya ce wa yarinyar, "Ki samo mata kujera mai tauri, kada ki ba ta mai laushi. Ki sa mata wani abu a ramin baya." Ya ɗora makullin a kan tebur don ya gwada mata wurin da hannu biyu. Na ɗauke shi na sa a aljihu.

Ya taɓa hularsa ya yi min sallama, ya juya ya kama hannun ƙofar. Ya murɗa. Ya sake murɗawa. Irin ƙofar nan ce da sai an danna lambobi.

"Uwargida, ƙofar nan ba ta buɗuwa."

Na ce masa yanzu za a zo a gyara, ya ɗan zauna ya sha kofi. Ƙarya ta ƙarshe ke nan da na yi masa, kuma ya yarda, don bai taɓa zaton fasinja zai cuce shi ba. Ya zauna a bakin kujera, hula a gwiwa. Yarinyar ta fitar da ni ta ƙofar gefe. Har na sa ƙafa a waje na ji ya ɗaga murya, cikin ladabi, yadda ya saba.

"Ki ce musu su ɗan hanzarta. Na baro matata ita kaɗai a gida, ba ta da lafiya."